Ni da Mama Ladi da Injin Matsar Mai

Tun da muka dawo daga Paraku ban huta da tambaya ba. In na shiga kasuwa sayen gyaɗa, tambaya. In na je suna ko gaisuwar rasuwa, sai wata ta matso kusa ta ce, "Maman Sadiya, wai da gaske har ƙasar masu Faransanci kika je saboda ƙuli-ƙuli?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Har na ji an ce wai an tsare mu a boda kwana uku. Ba wanda ya tsare mu. Bari in faɗe shi sau ɗaya, daga farko, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A tsakar gidanmu na fara, nan Lafia, da turmi ɗaya da kasko ɗaya. Mama Ladi, wata 'yar ƙabilar Eggon da muke maƙwabtaka, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta fara zuwa taya ni suyar gyaɗa. Da aiki ya yi yawa muka koma wani fili a hanyar Kwandere, muka kafa rumfa, mata suka yi ta ƙaruwa har muka kai mu goma sha biyu. Akwai 'yan coci, akwai 'yan masallaci. Ranar Lahadi mu riƙe musu aiki, ranar Juma'a su riƙe mana.

Ana nan sai wani mai shaguna a Abuja ya ɗanɗana manmu, ya ce yana so, amma a kwalba, a rufe, kowane mako, kuma na wannan mako ya zama iri ɗaya da na makon jiya. Na san hannu ba zai iya ba. Matsar mai aikin kafaɗa ne: a niƙo gyaɗa, a zuba a turmi, ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya tsatso. Mace huɗu ke yin wannan a wurina, kuma kafin la'asar sun gaji liƙis. Sai na je wurin wani mai walda na ce ya haɗa mini injin da zai yi juyin. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina filina ne, sana'ata ce.

Labari ya fita. Daga ranar rumfa ta yi sanyi. Ba wadda ta yi mini rashin kunya, amma waƙar da suke yi lokacin matsa ta tsaya, gaisuwa ta gajarce, mata biyu suka fara ciwon kai duk ranar Litinin. Rannan Mama Ladi ta same ni ta ce da an gama aikin gyaɗar bana za ta koma gona. Hankalina ya tashi. In ta tafi rabin matan za su bi ta, kuma ita kaɗai ce da ƙanshi take sanin gyaɗa ta soyu, ba sai ta leƙa kasko ba.

Maigidana ne ya ce in je in ga Gwaggo Ramatu, ƙanwar mahaifinsa da aure ya kai Paraku a Jamhuriyar Benin tun da daɗewa. Sana'armu ɗaya, kuma an ce ta yi nisa. Ya ce, "Ki tafi da Mama Ladi." Na ce ba za ta yarda ba. Da na yi mata maganar, sai ta ce, "Ni ban taɓa wuce Makurɗi ba. Zan je in ga duniya kafin in koma gona." Maigida ya yi mana takardun tafiya, na bar rumfa a hannun Hanatu, ɗaya daga cikin masu matsa, muka kama hanya a ƙarshen damina.

Da sassafe muka bar tashar Lafia. Kayanmu ba yawa: jaka biyu, bokitin ƙuli-ƙuli, da galan ɗin mai na tsarabar Gwaggo, wanda na ɗaure bakinsa da leda kamar yadda muka saba. Daga Lafia zuwa Akwanga zuwa Keffi, har muka canza mota a Zuba, ba na jin mun yi magana goma. Kafaɗarmu na gogar juna, amma kowa na kallon nasa gefen.

A Bida bakin ya buɗe. Motar ta tsaya shan mai, 'yan talla suka kewaye mu da ƙuli-ƙulinsu da ake ta yabo. Mama Ladi ta saya, ta karya, ta sansana, ta tauna a hankali tana kallon sama kamar alƙali. Ta miƙo mini guda. Hausarta irin tamu ce ta kasuwar Lafia, ba ruwanta da bambanta namiji da mace. Ta ce, "Matan da ya yi wannan ya san aiki. Amma ya fi mu yaji ne kawai." Na ce, "Ya fi mu ƙarfi kuma." Ta ce, "Haƙorin Nufawa ne, ba namu ba." Muka yi dariya, karo na farko cikin makonni. A gadar Jebba kuwa ta rufe ido ta kama hannuna tana kiran sunan Yesu, ni ina salati, har muka haye.

Mun isa Ilori da la'asar sakaliya. Direban ya nuna mana wani masauki kusa da tasha, na wata dattijuwa Bayarabiya mai fara'a, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, tabarma ɗaya. Na ce Mama Ladi ta hau gado, ita ce babba. Ta ce ni ce mai aiki, ita ma'aikaciya. Yadda ta faɗi kalmar ya soke ni, don shekara da shekaru ba ta taɓa kiran kanta haka ba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka sauke katifar ƙasa, ita ta ɗauki katifa, ni na shimfiɗa tabarmar a kan katakon gadon. Mai masaukin ta leƙo ta ga wannan tsari, ta tafa hannu ta fita tana magana da yarensu. Ta kawo mana amala baƙi ƙirin da miya mai yauƙi. Na yi loma biyu na kasa. Mama Ladi ta cinye nata ta cinye nawa.

Washegari muka shiga wata tsohuwar Fijo mai zuwa boda ta hanyar Kaiyama. Mu tara aka cusa. A bayanmu akwai wani malami mai fararen kaya, Malam Sule, za shi ɗaurin auren ɗan ƙaninsa a Nikki. Hanyar nan damina ta cinye ta. Bayan Kaiyama motar ta afka cikin taɓo har rabin taya. Maza suka fita suna turawa, kowa na ba da tasa shawara, taya na juyawa tana watsa musu laka. Mama Ladi ta yi kallo ta gaji, ta ɗaure zani ta sauka. Ta ce, "Ku tsaya! Kai direba, kashe. Kai, je ka karyo reshe. Kai da kai, ku kwaso duwatsu." Ban san abin da suka gani a fuskarta ba, amma duk suka bi. Ba a jima ba mota ta fita.

Sai da aka buɗe but ɗin motar don gyara kaya muka ga ɓarna. Girgizar ta kwance ledar bakin galan, mai ya malala ya shiga jakar Malam Sule, inda babbar rigarsa ta biki take. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Ya ɗaga rigar, ya dube ta, ya sansana, sannan ya ce, "Hajiya, kada ki damu. Aƙalla mai kyau ne. Wa ya yi shi?" Na nuna Mama Ladi. Ya sa mata albarka. Na roƙe shi ya bari in saya masa wata a Nikki, ya ƙi, ya ce ƙaninsa na da riguna. Da muka koma mota, Mama Ladi ta yi ƙasa da murya ta ce, "Da kwalba ne mai murfi, da bai zube ba." Tana faɗa ta kama bakinta ta juya kai waje. 

A Chikanda iyakar take. Ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A ɓangaren Benin wani jami'i dogo ya duba takardunmu, ya nuna bokiti, ya yi tambaya da Faransanci. Mama Ladi ta ce, "Yes sa." Ya sake wata tambayar. "Yes sa." Ya ɗaga gira ya sake. "Yes sa." Wata Bafulatana mai sayar da nono a gefe ta fashe da dariya, ta ce, "Inna, tambayarki yake ko abin da ke ciki haramtacce ne, kin ce e sau uku." Mama Ladi ta dafe ƙirji, ta yi wuf ta buɗe bokitin ta debo ta miƙa masa. Ya ci, ya kira abokan aikinsa suka ci. Bafulatanar ta fassara mana cewa su ma suna da shi, amma nasu dogo ne siriri kamar yatsa, bai taɓa ganin mai zagaye irin namu ba. Ya buga mana hatimi yana taunawa. Jiran da muka yi a can na motar Paraku ne ta cika, shi ne fa kwana ukun da ake ta faɗa.

Paraku gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk riga iri ɗaya suke sawa, da lamba a baya, abin ya burge ni. Man fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi. Muka ɗauki babur biyu, na ce wa kowannensu, "Zongo, gidan Hajiya Ramatu." Nawa ya kai ni daidai. Gwaggo ta fito ta rungume ni, mace gajera mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Muka juya neman Mama Ladi, babu ita. Minti goma, rabin awa. Ba ta jin yaren kowa, ba ta da ko sefa ɗaya a hannu, kuma lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba. Na fara tunanin abin da zan gaya wa 'ya'yanta. Gwaggo ta yi ɗan nazari ta ce, "Akwai wata Hajiya Ramatu mai atamfa a ƙasan layi." Muka ruga. Muka tarar da Mama Ladi zaune kan darduma, an zuba mata shinkafa da zabuwa, ta yi rabi. Mai gidan ta ce ta ga baƙuwa daga Nijeriya ta ambaci sunanta, to me za ta yi in ba ta ba ta abinci ba? Mama Ladi ta dube ni ta ce, "Na ce a raina Gwaggon nan ya yi yarinya da yawa."

Kwana biyar muka yi. Da safe shayi da burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo da ke yanka dasashi. Da rana sakwara. Mu mutanen Lafia ba ma yarda wani ya fi mu doya, amma sai da Mama Ladi ta jinjina wa dakansu. A miya suna sa wani cuku na Fulani da suke kira wagashi, ja daga waje fari daga ciki, a soya shi kamar nama. Gaisuwarsu doguwa ce; Barbawa, wato mutanen ƙasar, har durƙusawa suke su daɗe suna amsa wa juna. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da rana ta take sai a rufe shaguna da ofisoshi a tafi gida hutawa, sai wajen ƙarfe uku a dawo. A Lafia wa zai rufe shago da tsakar rana?

Wurin aikin Gwaggo yana bayan gari. Gini ne na bulo, ba rumfa ba, da ɗakuna a jere: inda ake tsince gyaɗa, inda ake suya, ɗakin inji, ɗakin tacewa da zuba wa kwalba. Mata sun fi namu yawa sau biyu, kowa da farar hula kamar ma'aikatan asibiti. Mama Ladi ta tsaya a ƙofar ɗakin inji ta ƙi shiga. Injin wata tukunya ce ta ƙarfe da hannu a ciki yana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa, mace ɗaya na zuba ruwan zafi da moɗa. Aikin da matana huɗu ke yi tun safe zuwa azahar, kafin mu gama zagaye ya gama shi.

Amma ba injin ne ya tsaya mini a rai ba. Rana ta biyu da safe wata mota ta zo daga Kwatano ɗaukar kaya. Ana shirin zuba mai a kwalba sai wata tsohuwa siririya, mai tsage a kunci, ta zo ta buɗe duro na farko ta sansana, ta ɗaga kai. Na biyu haka. A na uku ta tsaya, ta tsoma yatsa ta lasa, ta rufe, ta hau kan murfin ta zauna. Ita ce Iya Bona, 'yar Barbawa, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Gwaggo ta zo suka yi magana da yarensu. Ko ba ka jin yare ka san roƙo: Gwaggo na nuna mota, tana nuna agogo, tana haɗa yatsu biyu alamar abin kaɗan ne. Tsohuwar ta girgiza kai kawai. Na ɗanɗana man da kaina, ban ji komai ba. Mama Ladi ta ɗanɗana ta ce, "Ya ɗan ƙone. Kaɗan." Iya Bona ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane, ta dube ta ta yi murmushi.

Gwaggo ta ja numfashi, ta tafi da ƙafarta wurin direban ta gaya masa duro biyu zai samu yau, in yana son na uku ya kwana. Mutumin ya yi ta faɗa yana buga ƙofar mota. Ta tsaya ta shanye.

Da muka keɓe na ce, "Gwaggo, wai wurin nan na waye?"

Ta ce, "Nawa ne."

"To yaya ma'aikaciya za ta hau duro ta hana ki sayar da kayanki?"

Ta ce, "Ni na ba ta. A gaban kowa na ce duk man da Iya Bona ba ta yarda da shi ba, ba zai shiga kwalba mai sunanmu ba, ko ni na ce. In na karɓe yau don mota na jira, gobe wa zai yarda da maganata? Kina ganin ban ji haushi ba? Na ji."

Nan ta ba ni labarinta, kuma ashe abin da na yi ita ma ta yi, har ta fi ni. Ita da safe kawai mata suka ga an sauke inji daga mota. A mako ɗaya biyar suka tafi, har da Iya Bona. Injin na aiki, amma waɗanda suka san suya sun tafi, sai mai ya riƙa fita yau baƙi gobe fari, masu saye suka fara janyewa. Ta rufe injin da tamfol, ta bi matan gida-gida. Iya Bona sau biyu tana barin ta tsaye a ƙofa. A na uku ta ba ta kujera, ta ce za ta dawo da sharaɗin ba za a ɗauke turame ba. A bar inji a gefe, turmi a gefe, mai so ta yi da wanda take so.

Gwaggo ta ce, "Wata da watanni ina kallon mata na fama da taɓarya ga inji a zaune, raina na ƙuna. Na yi shiru. Da kansu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, yau wannan kafaɗarta na ciwo, gobe waccan na son ta gwada. Da oda ta ƙaru kuma sai ga aikin tsinta da tacewa da kwalba ya fi ƙarfin hannayen da nake da su. Ban kori kowa ba, ƙari ma na yi. Amma fa huɗu ne suka dawo. Ta biyar har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai, kuma tare muka fara da ita." Ta cire tabarau ta goge. "Ba su suka fi ba ni wahala ba, 'yata. Ni na fi ba kaina wahala. Na saba in faɗa a yi."

Ranar Asabar na ga zaman da suke yi kowane mako. Aka shimfiɗa tabarmi, Gwaggo ta zauna a ƙasa cikin mata. Magana ɗaya sai an faɗe ta da yare uku, har na fara gyangyaɗi. Wata ta yi ƙorafin hayaƙin suya na shiga ɗakin kwalba. Wata ta ce sabon murfin da aka kawo yana yanka hannu. Aka yi ta ja a kan wa zai koyi gyaran inji in makaniki bai zo ba. Gwaggo ba ta ce uffan ba sai a ƙarshe. Na tambaye ta dalili, ta ce in ta fara magana kowa zai ce e, ta tashi ba ta ji komai ba.

Mama Ladi kuwa ta ɓace mini kwana biyu. Kullum tana wurin suya tare da Iya Bona. Ba yaren da ya haɗa su, amma ka gan su suna nuna wuta, suna murza gyaɗa a tafin hannu, suna dariya. Rana ta ƙarshe na leƙa na tarar da ita a ɗakin inji, da farar hula a kanta, moɗa a hannu, Iya Bona na riƙe mata gwiwar hannu tana nuna mata lokacin zuba ruwa. Ta gan ni. Na yi kamar wucewa nake.

Da za mu taho Gwaggo ta haɗa mana wagashi da ƙuli-ƙulinsu mai kama da yatsa. In faɗi gaskiya, namu ya fi daɗi, nasu ya fi kyan gani.

A hanyar dawowa, tsakanin Mokwa da Bida, fasinjoji sun yi barci saboda zafin rana, na yi ƙarfin hali na ce, "Mama Ladi, har yanzu kina tsoron injin?"

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Maman Sadiya, ni ban taɓa tsoron inji ba. Ni na ce a daina daka a fara kai gyaɗa niƙa, kin manta? Kin san inda na ji labari? A coci. Matan mai walda ne ya ce mini, ashe za ku huta, Madam ya sayi inji. Na tsaya kamar wawa a gaban mutane, na ce e, na sani. Ban sani ba. Ni da na riƙe miki kasko tun Sadiya yana goye."

 Duk bayanin da na tanada, na Abuja da kwalba da oda, ya zama ba shi da amfani. Na ce, "Na yi laifi. Ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun a Ilori. Amma ba ni kaɗai ba ne. Hanatu yana da yara huɗu, mijinsa ba lafiya. Tun da Hanatu ya ji maganar inji ba ya barci."

Mun shigo Lafia da hantsi, ban ko biya gida ba na wuce rumfa. Na tarar an juya mini wuri. An mayar da murhun suya ɓangaren yamma, an jawo turame ƙarƙashin mangwaro, kuma sun koma fara aiki tun gari bai gama wayewa ba su tashi da wuri. Jinina ya hau. Na buɗe baki zan ce wa ya ba ku izini, sai na ga Hanatu tsaye tana murza gefen zaninta, sauran sun yi cirko-cirko. Na haɗiye. Na ce, "Wa ya kawo wannan shawara?" Hanatu ta ce a hankali, "Ni ce. Hayaƙi ne yake bin mu da rana." Na zagaya na duba. Gaskiyarta ne, kuma shekara nawa ina wurin ban lura ba. Na ce a bar shi haka.

Washegari na sa aka shimfiɗa tabarmi. Na zauna a ƙasa na gaya musu komai, wanda ya kamata in faɗa tun farko: maganar Abuja, abin da hannu ba zai iya ba, da injin da na sa a yi a ɓoye. Na ce ba za a ɗauke turmi ko ɗaya ba, kuma ba wadda za ta rasa aikinta. Sannan na yi abin da ya fi wuya, na rufe bakina.  Da suka fara magana kuwa, na ji maganganun da ban so ji ba, wasu ma ba su shafi inji ba, tsofaffi ne da aka daɗe ana haɗiyewa. Ba duka aka gyara ba. Rifkatu, ɗaya daga cikin masu matsa, ta ce ta ji, amma zuciyarta ta riga ta fita. Ta koma garinsu wajen Awe. Na je har can na same ta, ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni gishirin garinsu tsaraba, amma ba ta dawo ba.

Mama Ladi ba ta sake maganar gona ba, ni ma ban tayar ba. Mutumin Abuja na aika masa ya ƙara mana lokaci, ya ce zai jira zuwa bayan Kirsimeti, in ya wuce haka zai nemi wasu.

Mako na gaba muka tafi wurin mai walda mu huɗu: ni, Mama Ladi, Hanatu da ɗaya mai matsar. Injin ya kusa kammaluwa, ya yi masa fenti shuɗi yana ta alfahari. Suka kewaye shi. Hanatu ta ce ya yi tsawo, sai ta hau kujera kafin ta ga ciki. Ɗayar ta ce bel ɗin a buɗe yake, zai ja zani. Mama Ladi ta ce bakin da mai ke fita ya yi ƙasa, wanda ta gani a Paraku bokiti na shiga ƙarƙashinsa. Mutumin ya ajiye guduma ya juyo wurina ya ce, "Madam, ke kika ba ni aiki. Maganar wa zan bi?"

Saura kaɗan in ce tawa, kamar yadda na saba. Na ja kujerarsa na zauna a inuwa, na ce, "Su za su tsaya a gaban injin. Ka ɗauko abin awonka ka auna Hanatu."